Fata Ba Allo Ba Ce

 Wannan karon ni aka miƙa wa alƙalami, kuma na zaɓi in taɓo wani abu da ya fara yawa a tsakanin sa'o'ina, amma ba mu cika zama mu tattauna shi da natsuwa ba, wato zanen tatu.

Na san da jin sunan wasu za su ce, "Haramun ne, magana ta ƙare." Wasu kuma su ce, "Jikina ne, ina ruwan wani?" Duka ɓangarorin biyu suna saurin rufe maganar. Shi kuwa yaron da yake tara kuɗi a ɓoye don a zana masa kan zaki a damtse, ko yarinyar da take son a rubuta mata wani suna a bayan kafaɗa, ba wanda ya zaunar da su ya faɗa musu abin da allurar nan take yi wa jiki, da abin da zanen zai jawo musu bayan shekara goma. Da su nake son yin magana yau, ba da faɗa ba.

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san daɗin allo. Ka rubuta, ka biya, ka haddace, ka wanke, ka shafa masa farar ƙasa, gobe ka rubuta sabo. In ka yi kuskure malam ya gyara. Fata ba ta da wannan rangwamen. Abin da ɗan shekara ashirin ya rubuta a kanta, ɗan shekara hamsin ne zai yi yawo da shi, kuma ba a yi shawara da shi ba.

Kafin mu ɗora wa Turawa laifi, mu tuna cewa zanen jiki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Kakata ta wajen uwa tana da jarfa a goshi da gefen baki, wadda tsufa ya mayar da ita shuɗi-shuɗi. Ta ce wanzami ne ya yi mata tana budurwa, ya tsattsaga da aska, aka goga baƙin tukunya a ciki. Kwalliyar zamaninsu ke nan. Akwai kuma zanen gado, wanda da ganin fuska za a ce wannan Bagobiri ne, wancan Bakabe, wancan Babarbare. Shi ne katin shaidar mutanen da. Har yau a ƙasar Nijar za ka ga Fulani Wodaɓe da zane a kumatu da gefen baki.

Sannu a hankali muka bar wannan al'ada. Malamai suka yi wa'azi, likitoci suka yi gargaɗi a kan askar da ake yi wa yara da yawa aiki da ita, har Dokar Kare Haƙƙin Yara ta Najeriya ta shekarar 2003 ta haramta yi wa yaro tatu ko tsaga a sashe na 24. Yawancinmu da aka haifa daga ƙarshen shekarun 1990 fuskokinmu sumul suke. Abin mamaki, mu da muka tsira daga askar wanzami, mu ne muke kai kanmu ga allura da kuɗinmu. Wanda aka yi wa zanen gado yana jariri yana da uzuri, domin ba a tambaye shi ba, kuma duk garin an san ma'anar zanensa. Namu kuwa mu muka zaɓa, kuma galibi daga waya muka kwafo, daga jikin wani ɗan ƙwallo ko mawaƙi wanda rayuwarsa da tamu ko kusa ba su yi kama ba.

Ita kalmar tatu ma aro ce a wurin Turawan. Daga tsibirin Tahiti ta shiga Ingilishi, bayan tafiyar matuƙin jirgin ruwan nan Kyaftin James Cook a 1769. Injin da ake aikin da shi yanzu kuwa wani mutumin birnin New York mai suna Samuel O'Reilly ne ya yi rajistarsa a 1891.

To me injin yake yi? Fatarmu hawa-hawa ce. Ta sama kullum tana mutuwa tana zubewa, wata tana maye gurbinta. Shi ya sa lalle yake fita cikin mako biyu zuwa uku, domin iyakarsa saman. Allurar tatu kuwa ratsa ta saman take yi, ta shiga kimanin milimita 1 zuwa 2, ta ajiye tawada a fatar ciki, inda jijiyoyin jini suke. Tana yin haka sau ɗaruruwa, har dubbai, cikin minti guda. Jiki yana ganin tawadar a matsayin abokin gaba, sai ya turo sojojinsa, wato ƙwayoyin garkuwa, su haɗiye ta. Suna haɗiyewa amma ba sa iya narkar da ita, sai su zauna a wurin da ita a cikinsu. In sun mutu wasu su zo su sake haɗiyewa. Wannan ne sirrin daɗewar tatu. Wani ɓangare na tawadar ma ba ya tsayawa a wurin, yana tafiya har cikin kaluluwa, ta hammata ko ta matsematsi, ya zauna a can.

Ke nan sabon tatu rauni ne a buɗe, duk kyansa. Hausawa kuma sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Babban abin tsoro a nan shi ne ciwon hanta nau'in B da nau'in C, sai kuma cuta mai karya garkuwar jiki, duk suna bin jini. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini a jikin ƙarfe har kwana 7 ko fiye, kuma ɗigon da ido ba ya gani ya isa. Babban binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ita, kuma da yawansu ba su sani ba, domin takan yi shekaru tana cin hanta shiru. Yanzu ka lissafa mutum nawa suka zauna a kujerar nan kafin kai. Ko an sauya allura, an sauya ɗan kofin tawadar da aka riƙa tsoma ta wancan a ciki? An sauya safar hannu? Birnin New York da kansa, inda aka ƙirƙiro injin, ya haramta sana'ar tatu daga 1961 har zuwa 1997, bayan ɓarkewar ciwon hanta da hukumomin lafiya suka danganta da ita. In can an yi haka, ina ga ɗakin da wani ya sayo inji a intanet, ya koyi aikin a YouTube, yana goge allura da tsumma da ɗan sifirit?

Sai ita kanta tawadar. A watan Janairun 2022 Tarayyar Turai ta fara aiki da dokar da ta taƙaita dubban sinadarai a tawadar tatu, saboda wasu suna jawo borin jiki, wasu kuma ana zarginsu da haddasa cutar daji. Wadda ake ɗurawa a jikin matasanmu, wa ya karanta abin da ke cikin kwalbarta? Jar tawada ita ta fi kowace yawan tayar da ƙaiƙayi da kumburi, kuma wani lokaci sai an yi shekaru da zanen kafin borin ya taso.

Akwai kuma matsalar da ta fi shafarmu mu baƙar fata, wadda likitoci suke kira kiloid. Kowa ya taɓa ganin wadda aka huda wa kunne sai wani nama mai sheƙi ya tsiro mata kamar ƙwallon goriba, ko wanda ɗan ƙurji a ƙirji ya zame masa tudu. Tabo ne da ba ya tsayawa a iyakar rauni, yana ƙaiƙayi, yana zafi, in an yanke kuma sau da yawa ya dawo. Ya fi samun masu duhun fata, kuma yana bin dangi. Mai irin wannan jikin in ya kai kansa ga allurar tatu, zai iya neman fure ya tashi da kunyar doya.

'Yan uwana mata, kada ku ce wannan maganar maza ce. Zanen gira na dindindin da ake yi a wasu shagunan kwalliya, da jan leɓen da ake yi da inji, su ma tawada ce ake cusawa cikin fata da allura, kuma duk haɗarin da na lissafa yana nan. Salon girar da ake yayi bana ba shi za a yi baɗi ba, kuma launin yakan juye da daɗewa, ya koma toka-toka ko ja-ja. Hatta baƙin lallen da ake yi wa amare zanen fulawa da shi yana da nasa. Lalle na asali ja yake bayarwa. Baƙin da yake kamawa cikin 'yan mintuna, sau da yawa sinadarin rinin gashi ne ake haɗawa, wanda ake kira PPD. Yakan sa fata ta yi bororo ta sale daidai da siffar zanen, kuma jikin da ya taɓa yi masa bori zai iya ci gaba da yi har ƙarshen rayuwa, ko da rinin gashi ne ya taɓa shi.

Wannan duk na jiki ne. Da-na-sanin da ya fi yawa kuwa a zuciya yake, kuma dalilinsa guda ne, mutum yana canzawa, zanen ba ya canzawa. A zaman karatu na ƙungiyarmu ta marubuta, duk lokacin da aka ce wani ya kawo labarin da ya rubuta shekara biyar da suka wuce, sai ka ga yana noƙewa yana cewa sai ya gyara. Haka in Facebook ya tuno wa mutum abin da ya wallafa a 2016, yakan yi sauri ya goge kafin wani ya gani. In kalaman da muka rubuta a waya suna ba mu kunya bayan 'yan shekaru, me ya sa muke zaton wanda muka rubuta a fata zai tsira?

Ko masu kuɗin duniya ba su kuɓuta ba. Jarumin finafinan Amurka Johnny Depp ya zana sunan budurwarsa Winona Ryder a damtse, da suka rabu sai da ya sa aka goge haruffa biyu don sunan ya ɓace. Mawaƙiya Ariana Grande a 2019 ta sa aka rubuta mata sunan waƙarta da rubutun Japan a tafin hannu, sai mutanen Japan suka ce abin da aka rubuta sunan wani ɗan murhun gasa nama ne. Waɗannan suna da kuɗin gyara, kuma abin ya zame musu labarin dariya. Ɗan talaka ba dariya yake zame masa ba.

Lokacin da muke difloma a Poli, akwai wani abokin karatunmu, yaro mai ƙoƙari da fara'a. Ya tafi koyon aiki na 'yan watanni a wani babban birni, ya dawo da zane ƙasa da gwiwar hannunsa: zuciya, da harafin farko na sunan yarinyar da yake so, da ranar da suka haɗu. A lokacin kowa a ɗakin kwana sai ya ce a nuna masa. Ba a rufa shekara biyu ba aka ɗaura wa yarinyar aure da wani. Wannan bai kai na gaba ciwo ba. Burinsa tun yana yaro shi ne aikin ɗamara. Ya cike fom, ya ci jarrabawa, ya yi gudu ya zo cikin na gaba. Da aka zo duba jiki aka ce kowa ya tuɓe riga, nan take aka nuna masa ƙofa. Ba zalunci aka yi masa ba, domin sharaɗin a rubuce yake. Duk wanda ya taɓa karanta sanarwar ɗaukar sabbin sojoji a Najeriya, na ƙasa ko na ruwa ko na sama, ya ga inda aka ce ba a ɗaukar mai tatu.

Da ya dawo gida sai wani ya ba shi shawarar ya ɗiga ruwan batir a wurin. Ya ɗiga. Fatar ta ƙone, ta yi ruwa, ya yi makonni yana zuwa wankin ciwo. Da ta warke sai kiloid ya taso, ga kuma sauran tawadar tana leƙowa ta gefe. Garin neman gira aka rasa ido. Yanzu yana sana'arsa ta gyaran wuta, Allah ya rufa masa asiri, amma ko a tsakiyar zafin Afrilu ba za ka gan shi da riga mai gajeren hannu ba. Ya taɓa ce mini abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne ranar da 'yarsa za ta iya magana ta tambaye shi, "Baba, mene ne wannan?"

Masu cewa "ai ana gogewa" su tsaya su ji yadda ake gogewar. Hanyar da likitocin fata suka fi amincewa da ita ita ce hasken leza, wanda yake farfasa tawadar ta zama ƙanana yadda jiki zai iya kwashe ta. Ba zama ɗaya ake yi ba. Sau da yawa sai an yi shida zuwa goma ko fiye, tsakanin kowane zama da na gaba mako shida zuwa takwas, ka ga an doshi shekara ko an wuce. Akwai zafi, kuɗin kuma ya ninka na zanen sau da yawa, kuma ba kowane gari ake samun na'urar da ƙwararren ba. Kore da rawaya suna da taurin kai. Ga mu masu duhun fata kuma, hasken ba ya bambance tawada da launin jikinmu sosai, don haka wurin yana iya yin fari kamar ƙuna ko ya ƙara duhu. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma sai a yi dubu ba a fito ba.

Sai kallon da jama'a za su yi maka. Ba na cewa daidai ne a yanke wa mutum hukunci da zanen jikinsa. Na san masu tatu da suka fi wasu marasa shi gaskiya da riƙon amana. A zanga-zangar EndSARS ta 2020 ma, cikin koke-koken matasa har da yadda ake tsare mutum a hanya don kawai an ga tatu ko dogon gashi. Wannan bai dace ba. Amma rashin dacewarsa ba zai hana shi faruwa da kai ba. A unguwanninmu, in aka ga zane a jikin saurayi, abin da yake fara zuwa zuciyar dattijo shi ne daba ko ƙungiyar asiri. Ranar da iyayen yarinya za su aiko bincike, maƙwabci ɗaya ya isa ya ce, "Yaron kirki ne, sai dai fa akwai zane a jikinsa." Ga mace kuma abin ya fi tsanani, kowa ya sani. Dole mai shirin yi ya tambayi kansa ko zai iya ɗaukar wannan kallon shekara da shekaru, a garin da yake zaune, ba a garin da ya gani a waya ba.

Ta fuskar addini, ni ba malami ba ne, amma sananne ne cewa hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim da yake tsine wa mai yin jarfa da mai neman a yi mata, kuma a kansa malaman Sunna suka dogara wajen haramta tatu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ɗaya gefen. Malamai da dama sun yi bayanin cewa wanda ya riga ya yi, ya tuba, in cirewar za ta cutar da shi ba a tilasta masa ba, kuma alwalarsa da sallarsa suna nan, tunda tawadar tana ƙarƙashin fata, ba ta hana ruwa taɓa jiki. Da abokina ya ji wannan da wuri, wataƙila da bai kai ga ruwan batir ba.

Saboda haka, kai da ka riga ka yi, kada ka ƙara wa kanka ciwo a kan ciwo. Kada ka sa ruwan batir, ko dutsen guga, ko reza, ko ruwan ƙwallon kashu, ko man da ake tallarsa a intanet wai yana goge tatu cikin mako guda. Je asibiti a gwada jininka, ciwon hanta B da C da cuta mai karya garkuwa. In ba ka ɗauke da nau'in B, akwai rigakafinsa, allura uku ce. Nau'in C kuma yanzu ana warkewa da magani. In sabon zane ne kuma ka ga jan yana faɗaɗa, ko mugunya, ko zazzaɓi, kada ka tsaya kemis, ka ga likita a ranar. In gogewa kake so, likitan fata za ka nema. Mu kuma sauran, mu daina mayar da su abin nuni a masallaci da majalisa. Gori ba ya goge tawada, sai dai ya tura yaro ga ruwan batir.

Kai kuma da kake shirin yi, ga wata shawara da ba za ta ci maka ko sisi ba. Zana abin da kake so a takarda, ka rubuta kwanan wata, ka ninke ka ajiye a ƙasan akwati. Kada ka buɗe sai bayan shekara guda. Cikin shekarar nan ka duba danginku ko akwai mai kiloid. Ka karanta sharuɗɗan aikin da kake mafarkin samu. Ka tambayi kuɗin gogewa kafin ka tambayi kuɗin zanawa. Ka nemi wanda ya yi shekara goma da nasa, ba wanda ya yi jiya ba, ka ce ya faɗa maka tsakaninsa da Allah. Sannan ka tambayi kanka ko za ka iya nuna wa mahaifiyarka da hannunka. In amsar ita ce sai dai a ɓoye, to ka san za ka yi shekaru kana ɓoyo a cikin jikinka.

In soyayya ce take ingiza ka, rubuta mata wasiƙa. In mahaifiya kake son girmamawa, ta fi buƙatar ka a gabanta da cefane a hannu. In kwalliya ce, ga jan lalle nan, kakanninmu sun bar mana, ya yi kyau ya fita ya ba wani wuri.

Na san a zauren nan akwai ma'aikatan lafiya, akwai malamai, akwai kuma waɗanda abin ya shafa kai tsaye ko ya shafi ƙannensu. Ina roƙon kowa ya faɗi abin da ya sani cikin mutunci, ba tare da kama suna ba, domin wataƙila akwai mai karantawa shiru wanda ya riga ya sa ranar zuwa. Allah ya ba mu lafiya, ya tsare mu da aikin da-na-sani. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.